Ɗigon da Na Ɗauke

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ta daminar 1999 ba, ranar da Goni Modu na unguwar Abbaganaram ya shigo ofishinmu da wasiƙa a cikin gafaka. Shekara talatin da biyar na yi a wannan aiki, daraktoci sun zo sun tafi a kan idona, amma in na zauna bayan la'asar ina tunanin abin da zan tarar a gaban Ubangiji, wannan Larabar ce take fara zuwa mini. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullai, to ga shi. Ku yi haƙuri da ni, ban iya gajarta magana ba.

Ga waɗanda ba su san ofishin a wancan zamani ba, aikinmu shi ne tattara tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, mu adana su. Ni Habu, haifaffen Mafoni, ina matakin albashi na shida, mataimakin jami'in adana takardu. Karatun allo na yi, sannan na zaure, bokona kuwa na ajin yamma ne. Abin da aka ɗauke ni in yi shi ne in karanta ajami da larabci, in rubuta wa kowane littafi kati: sunansa, sunan wanda ya kwafe shi, da yawan warƙoƙinsa. Malamin da ya koya mini riƙon alƙalami yakan murɗe mini kunne in na tsallake ɗigo, ya ce, "Ɗigo ɗaya ne tsakanin rahama da zahama." Zahama ita ce cunkoso da matsi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1998 aka kawo mana kwamfuta, aka haɗa ta da intanet. Ba irin na yanzu ba da kowa ke riƙe da shi a tafin hannu. Layin tarho ɗaya ne tak a duk ofishin, shi ake zarewa a soka wa wani ɗan akwati da ake kira modem, shi kuma ya buga waya har Legas yana ƙara kamar kwaɗi bayan ruwa. Muddin kwamfuta tana kan layi, babu mai kira babu wanda za a kira. Saboda haka Darakta ya yanka mana rabin awa a rana, daga ƙarfe goma zuwa goma da rabi. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya.

Rabin awar nan ba ta isar komai. Shafi ɗaya sai shayi ya huce bai gama buɗewa ba. Wadda ke zama a gaban na'urar ita ce Rifkatu, mai buga mana takardu, 'yar Marama, mataki na huɗu. Takan zo da zare da kwarashi, ta danna shafi ta kama saƙa. Ta taɓa ɗaga mini wata hular jarirai ta ce, "Malam Habu, ka ga wannan? Wasiƙa biyu ce daga hedikwata."

Farkon shekarar da ta biyo aka tura ni kwas na sati biyu a Kaduna, don wanda aka zaɓa tun asali an yi masa rasuwa. A rana ta ƙarshe mai koyar da mu ya nuna mana yadda ake sa burauza ta yi sauri. Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, tana da wani ɓangare da ake kira saiti, inda ake faɗa mata yadda za ta yi aiki. Ya ce a sa ta riƙa tashi da shafi fari fat maimakon shafin kamfani. Ya ce a faɗaɗa rumbunta, don abin da ta ɗauko jiya kada ta sake komawa ɗaukowa yau. Na ukun shi ne babba. Akwai wani ɗan gida mai kusurwa huɗu da 'yar alama a cikinsa, alamar tana nufin a sauko da hotuna tare da rubutu. Ya ce hoto shi ne kaya mai nauyi, in ka sauke wa jaki mangala sai ka ga gudunsa. Ka ɗauke alamar, rubutu zalla zai zo, inda hoto yake kuma sai akwati fanko.

Hannuna ya fi sauri a ajami, don haka da ajami na rubuta duk abin da ya faɗa a ɗan littafin aljihuna, har kalmomin Turancin da ke jikin saitin. Alamar nan kuwa na rasa sunan da zan ba ta, sai na rubuta "ɗigo."

Ranar Litinin da na dawo na riga kowa zuwa, na yi gyare-gyaren nan uku. Ƙarfe goma Rifkatu ta danna shafi, ta miƙa hannu za ta ɗauki saƙarta, kafin ta zura kwarashi shafin ya buɗe. Ta dube shi, ta dube ni.

"Malam Habu, me ka yi mata? Tofi?"

Na yi dariya na ce, "Ke dai yi aikinki."

"To waɗannan akwatunan da babu komai a ciki fa?"

"Kwalliya ce da talla. Ba mu da buƙatarsu."

Gaskiya ne a lokacin, don wasiƙu da sanarwa kawai muke karantawa. Amma sau uku tana roƙona in nuna mata abin da na taɓa, sau uku ina ce mata ba a sayar da laƙani a bakin kasuwa. Wasa nake yi, amma ba wasa ba ne. Shekara goma sha shida na yi a mataki ɗaya, yaran da suka same ni a nan suna wuce ni, a bayan idona suna kirana Malam Gafaka. Ran nan masinja ya miƙe tsaye da na shigo. Daɗin wannan ya hana ni buɗe baki.

Darakta ya rubuta wa hedikwata cewa a ƙarƙashin jagorancinsa ofis ya magance matsalar jinkirin intanet. Bai ambaci sunana ba, bai kuma taɓa tambayata abin da na yi ba. Ya fitar da sakula aka liƙa a bango, cewa duk wanda ya taɓa saitin kwamfuta ba da izininsa ba zai karɓi takardar tuhuma.

Haka muke har wata biyar, sai ga Larabar nan.

Goni Modu sananne ne, ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka fiye da sau ɗaya. A lokacin ya doshi tamanin. Idonsa na hagu ya mutu tun da daɗewa, na dama kuma yanar ido ta rufe shi, saura ɗan haske. Da ƙafa ya zo, da sandarsa, tun ƙarfe tara. Na durƙusa na gaishe shi, "Wushe, Ba Goni," ya amsa, ya kwance gafaka ya zaro wasiƙar.

Wani Bature mai bincike ne ya aiko ta, wanda ya taɓa zama a zaurensa shekarun baya. Ya ce a wani ɗakin karatu na ƙasarsu ya tarar da littafin da mahaifin Goni ya kwafa da hannunsa, wanda wani jami'in mulkin mallaka ya tafi da shi. Ya ɗauki hoton warƙa shida ya sa a intanet, ga adireshin shafin a ƙasan wasiƙar.

"Ina da shekara bakwai ya rasu," in ji Goni. Hausarsa da harshen Barebari take fita, a hankali. "Sauran littattafansa gobara ta cinye. Na karanta hannun malamai ɗari, ban san hannun ubana ba. Ina so in gani kafin fitilar nan ta ƙare." Ya nuna idonsa na dama.

Abin da ban yi tunani a kai ba har zuwa wannan lokaci shi ne, kwamfutar wancan zamani ba ta san rubutun hannu ba. Ajami ba ya hawa intanet sai a matsayin hoto. Wato abin da na kira kwalliya na sauke daga bayan jaki, har da rubutun da nake ci da shi.

Darakta da kansa ya fito don girmama baƙo. Ya gaishe shi da Barbarci, ya sa aka kawo kujera gaban kwamfuta. Amma yana ta duban agogo, don ranar ce hedikwata ta ce za ta kira shi kan maganar ƙarin girmansa, kuma ba su faɗi lokaci ba.

Ƙarfe goma modem ya yi kukansa. Rifkatu ta buga adireshin harafi bayan harafi, shafi ya buɗe nan da nan. A sama akwai Turanci, ta karanta ta fassara: sunan littafin, da sunan mai kwafa, Goni Aisami. Tsohon ya ce, "Shi ne." Ta gangaro ƙasa. Akwati shida a jere, kowanne fanko.

"Ina rubutun?" in ji Darakta.

Rifkatu ta juyo ta dube ni. A hankali ta ce, "Malam Habu, ba irin waɗannan ne ka ce kwalliya ba?"

"Madam, buga takarda aka ɗauke ki," in ji Darakta. "Habu, me ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan gyara da in aka yi…"

"Minti nawa?"

"Zai kai awa ɗaya. Ko ya ɗara."

"Awa ɗaya?" Ya rage murya don kada tsohon ya ji, ya matso har ina jin ƙamshin turarensa. "Ba an gyara ta ba? Na rubuta wa hedikwata, na sa hannu. Yanzu kana so ka ce mini gyaran bogi ne? Yau, da nake jiran waya?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To, akwai rubutu ko babu?"

Na dubi fuskar kwamfutar. Na nemi maganar da ba ƙarya ba ce ƙarara, na samu. Na ce, "A nan dai babu."

Darakta ya juya ga baƙo yana murmushin ban haƙuri. "Ba Goni, kun san halin Turawa. Sun sa suna sun manta da kaya. Za mu rubuta masa."

Goni ya tashi daga kujera, ya kai fuskarsa dab da gilashin har numfashinsa ya yi masa hazo. Ya sa yatsa ya ɗaga fatar idonsa na dama. Ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu, yadda ake karatu. Ya daɗe. Sannan ya miƙe ya ce, "Allon a wanke yake."

Ƙarfe goma da kwata Darakta ya sa aka zare layi aka mayar wa tarho. Ko rabin awar ba a cika ba.

Ni na raka shi bakin ƙofa. Zuciyata ba ta bar ni ba, na ce, "Ba Goni, rubutun yana nan. Ba a dai gan shi ba ne."

Ya tsaya, ya dogara da sanda. "Kai ka san yana nan?"

"Na sani."

"Daraktanku ɗan boko ne, ko an ɗora masa rubutunmu a hanci ba zai gani ba. Amma kai malami ne." Ya gyaɗa kai. "To, idona ne ke nan."

Jama'a, a nan ne. Kalma goma ta isa. In ce masa ba idonku ba ne, ni na rufe shi, ku dawo gobe. Amma sai in ce wa Goni, mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ni almajirin zaure na ɓoye ajami don a ce na iya na'urar Bature. Kunya ta riƙe mini harshe. Na ce, "Allah ya ƙara lafiya." Ya ce amin, ya tafi.

Da na koma ciki Rifkatu ba ta ɗago kai daga takardunta ba. Ta ce, "Da ka koya mini, da tun ƙarfe goma na mayar da abin, ba tare da na tambayi kowa ba. Tuhuma ai takarda ce, ni nake buga ta."

Na yi niyyar in saci layi da sassafe ranar Alhamis. Yammacin Larabar aka yi ruwa da iska, bishiya ta faɗa kan wayar tarho ta unguwar. Muka kai rahoto, muka sake kaiwa. Sati biyar da kwana biyu layi yana mace. Daga Mafoni zuwa Abbaganaram ba tafiyar da za ta gajiyar da mai lafiya ba ce, kullum ina iya zuwa bayan an tashi aiki. Kullum sai in ce wa kaina gara in je da takarda a hannu, in ya ga rubutun ba sai an yi dogon bayani ba. Shaiɗan ba ya ce maka kada ka yi alheri, cewa yake yi bari sai gobe.

Ranar da layi ya dawo Darakta yana hedikwata, ya tafi karɓar takardar ƙarin girmansa. Na kira Rifkatu, na buɗe saiti a gabanta, na nuna mata gidan, na mayar da ɗigon. Dannawa ɗaya. Ta ce, "Shi ke nan laƙanin?" Na ce shi ke nan.

Muka zauna. Hoton farko ya fara saukowa daga sama, layi-layi, kamar ana janye mayafi. Rubutun Barno ne mai kauri, baƙar tawada, wasulla da ja. Minti hamsin kafin shida su cika, ban ko motsa ba. Rifkatu ba ta taɓa saƙarta ba, ko da yake ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba. Ta buga su a firinta, ta sa a sabon fayil, ta miƙo mini da hannu biyu.

Bayan la'asar na isa zauren Goni. Yana zaune a kan buzu da carbi, an ɗaure masa ido da ƙyalle. Na yi sallama, ya gane muryata.

"Malamin ofis. Ka zo."

"Ba Goni, me ya sami idon?"

"Ka ce rubutun yana nan. Na je asibiti, likita ya ce in jira bayan damina, masu jira da yawa. Na ce rai ba ya jiran damina. Sai ga wani mai cire yanar ido da allura, irin masu yawo gari-gari. Na ba shi idon ya share mini, don in dawo wurinka in gani." Ya juya carbi. "Kwana uku ina ganin haske. A na huɗu ya kumbura. Yanzu dare da rana ɗaya ne. Haka Allah ya so."

Na ajiye masa takardun a hannu. Ya shafa su da yatsu, a hankali, daga dama zuwa hagu. Rubutun alƙalami yana da tudu, makaho ma yakan ji inda tawada ta kwanta. Takardar firinta kuwa santsi ce.

"Babu komai a nan," in ji shi. "Karanta mini."

Na karanta masa warƙar ƙarshe, inda mai kwafa ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Mahaifiyata ta ce harafin nun ɗinsa kamar ƙwarya yake, yana tallafe kalmar da ke biye da shi. Haka ne?"

Na duba. Na ce, "Haka ne, Ba Goni."

Ya ci gaba da jan carbi har aka fara kiran magariba a wani masallaci can nesa. Sannan ya ce, "Ranar da na zo, yana ciki?"

"Yana ciki."

"Da idon da na zo da shi, da na gani?"

"Da kun gani. Rubutun manya ne."

"To wa ya wanke allon?"

Na faɗa masa duka. Kwas, da jaki da mangala, da ɗigon, da sakula, da abin da na ce wa Darakta. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Mu in mun tsallake wani abu a kwafi, a gefen warƙa muke rubuta shi, don na baya ya sani. Ba abin kunya ba ne, kowane littafi yana da gefe. Kai ka ɗauke ɗigo, ka rufe bakinka." Ya lalubi gefen buzu. "Ajiye takardun a nan. Ka gaida gida."

Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba. Bai kuma ce ya yafe ba. Na koma sau biyu, yana amsa gaisuwa, ya ci gaba da jan carbi. Shekarar da ta biyo ya rasu. Na je jana'iza, na tsaya a sahun ƙarshe.

Darakta ya samu kujerarsa a hedikwata, a cikin abubuwan da aka yaba masa har da saurin intanet. Bai taɓa sanin abin da ya faru ba, don bai taɓa tambaya ba. Wannan shi ne abin da aikin ofis ya koya mini game da mutanensa: wanda ya sauke layi da wuri shi ake tafa wa, babu mai leƙawa ya ga abin da aka zubar a hanya don jaki ya yi gudu. Na ƙasa kuma, in an daɗe ana taka shi, ranar da ya samu ɗan sani sai ya ƙulle shi a haɓar riga kamar laya. Ni ma haka na yi, kuma ba ni na biya ba.

Gyaran ba shi da laifi. Har gobe in layi ya yi nauyi zan ce ku rage wa burauza kaya. Amma kun sha tambayata dalilin da ya sa kowace kwamfuta a ofishin nan take da takarda liƙe a gefenta, da boko da ajami, an rubuta abin da aka canza da yadda ake mayar da shi, kuna dariya kuna cewa tsohon yayi ne. Wannan takardar ita ce gefen warƙa.

Ga ɗan littafin aljihun da na je Kaduna da shi, zan bar shi tare da makullai. Wanda ya iya ajami a cikinku ya duba. Gyara uku ne, amma layi huɗu na rubuta. Na huɗun yana cewa, "In ana son hoto, a mayar da ɗigon." Hannuna ne. Ranar Larabar nan yana cikin aljihun gaban rigata, a kan ƙirjina, lokacin da tsohon yake ɗaga fatar idonsa da yatsa.